Atamfar Da Babu Irinta A Kano

Masu karatu, sannunku da haƙurin jira. Wata a cikinku ta ce wai na cika kuka a labarin nan, in rage. To 'yar'uwa, ki nemo hankici, don ban yi miki alkawarin komai ba yau.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, sunana Sauda, 'yar Na'ibawa. Abin da zan ba ku ya faru ne a sanyin da ya shigo da shekarar 1983, lokacin ina naɗe alewa a wani kamfani a Sharaɗa. Mahaifina ya rasu tun ina firamare, ƙaninsa Baffa Ashafa ne ya riƙe mu ni da Innata. Sunan Baffa ake kira a ƙofar gida, amma cikin gidan a hannun yayarsu yake, Gwaggo Indo, wadda ta dawo da zama tun da aurenta na uku ya mutu. In Gwaggo ta yi tari, har kajin gidanmu shiga taitayinsu suke.

Ni dai ina son lokacin sanyi, ko da yake leɓena tsagewa yake duk basilin ɗin da nake shafawa. Lokacin ne Kano take fito da kayan da ta ɓoye a ƙasan akwati. In na hau motar kiya-kiya da sassafe, taga nake nema. Ka ga leburori a kan kekuna, wannan da jar suwaita ta gwanjo a kan farar jamfa, wancan da kwat ɗin mata mai gashi a wuya bai ma san na mata ba ne, wani ya naɗe kai da tawul mai ratsin ruwan hoda sai idanu kawai. Masu gadi sun sha dogayen kwat har ƙasa suna jin wutar kwali. Ga karas da latas da tumatir an jera a bakin titi, ga lemo tuli-tuli. In muka kusa masaƙu, kwatar da ke fitowa daga ciki tana tururi, yau ja, gobe shuɗi, jibi wani launin da ba ni da sunansa. Ƙawata Tabita, 'yar Pankshin, dariya take mana, ta ce wannan ai ba sanyi ba ne, mu je garinsu mu gani. Amma ita ce ke saƙa mana huluna da ulu, kowacce kala huɗu ko biyar, har layinmu na naɗin alewa ya fi alewar kanta ado.

A gidan yayan Tabita, Habila, na fara ganin Shu'aibu. Tare suke aiki a wata masaƙa a Challawa, shi Shu'aibu a ɓangaren haɗa launi. Mutumin Mirriya ne, can kusa da Damagaram, tun yana saurayi ya zo Kano. Dogo ne, baƙi, ba shi da yawan magana, kuma hannuwansa ba su taɓa zama launi ɗaya ba. Duk sabulun duniya bai fitar da rinin da ke gefen faratansa ba. Ranar da ya fara zuwa zance, Gwaggo ta leƙa ta dawo tana cewa, "Wannan kuma lalle ya sa ko mugun ciwo ne?"

Na so shi. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, na so shi son da ya sa in na ji ƙararrawar kekensa sai ludayi ya faɗi daga hannuna.

Baffa bai hana ba, bai kuma so ba. Cewa ya yi, "Ba ni da abin zargi a addininsa ko sana'arsa. Amma baƙo raɓa ne, Saudatu." Da ya ga na kafe, ga shi na haura ashirin mata sun fara cewa na yi kwantai, sai ya karɓi gaisuwa, ya ce sauran magana ta mata ce. Gwaggo ta ce sharaɗinta ɗaya, a kawo lefen da za ta nuna wa mutane ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

To ga inda matsalar take. A masaƙarsu, kafin a fara buga sabuwar atamfa don kasuwa, sai an gwada launuka. A buga 'yan yadi da wannan haɗi, a duba, a sake wani, har manya su zaɓi wanda za a fitar. Waɗanda ba a zaɓa ba, ana sayar wa ma'aikata. Yadin ɗaya ne da na kasuwa, ba huji ba tabo, sai dai ba a manna musu takardar nan mai ruwan zinare, kuma babu rubutu a bakinsu. Wasu labule suke yi da su, wasu su kai ƙauye. Shi kuwa Shu'aibu, tun ranar da ya fara ganina yake tara waɗanda ya haɗa da hannunsa, wanda ya fi burge shi ya saya ya ajiye.

Wata Lahadi bayan la'asar ya zo da ɗaya a cikin jaka, ya buɗe mini gefensa a zaure. Kore ne mai duhu, irin na ganyen mangwaro in ruwa ya wanke shi, da 'yan tsuntsaye ruwan ƙwai masu jan baki.

"Kin san zanen nan?" ya ce.

"Na gan shi a Kantin Kwari. Amma ruwan ƙasa ne da shuɗi."

"Shi suka zaɓa. Wannan kuwa ni na haɗa, sau ɗaya aka buga. Duk Kano babu mai irinsa, Saude. Har matar mai kamfanin ba ta da shi."

Na kai hannu zan taɓa, ya janye yana murmushi. "Sai ya zo ta hanyarsa."

Ku gaya mini, wace ce za a yi wa wannan maganar ta tuna da wata takarda mai ruwan zinare? Ni ban tuna ba. Shi kuma namiji ne da ya tashi a cikin injina, babu uwa ko yaya a kusa da za ta ce masa, kai, ba haka ake lefe ba.

Ranar kawo lefe, matar mai gidan da yake haya ce ta zo da wasu mata biyu 'yan garinsu, da fantimoti biyu. An share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi a inda rana take, don sanyin ranar har cikin ƙashi. Gwaggo ta gayyato rabin unguwa. Ta sha leshinta ruwan goro, ta ɗora wata suwaita mai maɓallan zinare, ta kafa ɗauri kamar za ta taɓo rufin kwano. Ni ina ɗakin Inna bayan labule, na sa ido ɗaya a wata 'yar ɓula.

Da aka buɗe, wallahi tsakar gidanmu sai da ta haskaka. Ga shunayya mai kifaye ruwan lemo, ga ja mai ganye fari, ga ruwan toka da aka watsa wa furanni ruwan hoda, ga wani shuɗi mai taurari. Mata suka yi guɗa. Wata ta ce, "Ikon Allah, a ina ake samun waɗannan?" Na ji zuciyata ta cika har na danne bakina da gefen labule.

Gwaggo ba ta yi guɗa ba. Ta jawo turmi ɗaya ta shinshina. Ta murza gefensa tsakanin yatsu, ta ɗan lasa, ta juya bayansa. Sannan ta bi bakin yadin da ido tun daga farko har ƙarshe. Ta ajiye ta ɗauki wani. Da ta zo kan koren nan ta daɗe tana shafa shi, har na ce a raina, yauwa, ya kama ta.

Sai ta ɗago ta ce, "Ina takardunsu?"

Matar mai gidan haya ta ce, "Wace takarda, Hajiya?"

"Ta jikin atamfa mana. Ko ɓeraye sun cinye? Holan ce, Ingila ce, ko ta gida? Ko ta gida ce ai tana da suna. Wannan fa? Babu rubutu, babu lamba."

"Ai Hajiya, na musamman ne. Shi ya haɗa launin da kansa, babu irinsu a kasuwa."

"Babu irinsu a kasuwa!" Gwaggo ta tafa hannu. "Jama'a kun ji. To me ya hana su shiga kasuwa? Rijek ne. Wanda kamfani ya ƙi, shi aka kwaso wa 'yar ƙanina. Irin wanda masu shayi suke rufe teburi da shi."

Matan da suka yi guɗa ɗazu suka fara janye hannu. Wadda ta ce ikon Allah ita ce ta fara cewa, "Ni dama na ga kamar launin ya yi yawa." Allah ya isa tsakanina da matar nan, har yau ban yafe mata ba.

Na dubi Innata. Tana zaune a gefe da tsohon mayafinta, kanta a ƙasa. Mace ce da take zaman marayu a gidan dangin miji, ta daɗe da koyon haɗiye magana. 'Yan kawo lefe suka tashi ko lemon da aka kawo musu ba su sha ba. Aka kai fantimotin ɗakin Gwaggo suka kwana, washegari aka ɗora su a kura aka mayar.

Na sami Baffa a zaure na durƙusa. "Baffa, ku duba lamarin nan. Wallahi ba da raini ya yi ba."

"Na sani," ya ce, bai dube ni ba. "Amma an yi abin a gaban mutane. In na ɗaura auren nan a haka, har ki mutu sunanki amaryar rijek. Ya kawo na kirki, ko kaɗan ne, ni zan tsaya masa."

A lokacin babu wayar da za ka kwanta kana latsawa. Saƙonmu a bakin Habila yake shiga, ya faɗa wa Tabita, ita kuma ta raɗa mini muna naɗin alewa. Na aika masa cewa ni ina son kayana a yadda suke. Amsa ta dawo: in yi haƙuri, laifinsa ne, zai karɓi aikin ƙarin lokaci, kafin zafi ya shigo zai kawo masu takarda. Na tambayi Tabita yadda yake. Ta ce, "Habila ya ce ba ya cin abinci sosai. Amma jiya ya gan shi yana murmushi shi kaɗai, ya tambaye shi, ya ce wani abu ne tsakaninsa da ke."

Ban gane ba. Na ɗauka ƙarfin hali ne irin na maza.

Ana wata ga wata. Muna cikin wannan rediyo ta sanar cewa gwamnati ta ba duk baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Da farko ban ma haɗa abin da Shu'aibu ba. Mutumin da yake sallah a masallacinmu, yake cin tuwo irin namu, yake Hausa ta fi tawa? Sai da na ga fuskar Tabita washegari. Ta ce Habila ya gaya mata an tara su a masaƙa an ce duk wanda ba shi da takarda ya karɓi sallamarsa, kamfani ba zai ɗauki laifi ba. Shu'aibu kuwa da ƙafa ya shigo Kano yana ɗan saurayi, ba wanda ya taɓa tambayarsa ko da guntun kati.

Da daddare Gwaggo tana tauna goro ta ce, "Ashe shi ma ba shi da takarda, kamar atamfarsa." Ta yi dariya har da tari. Baffa ya ce ta bari, amma ya juyo gare ni ya ce, "Na faɗa miki, Saudatu." Ban ci tuwo ba. Na kwanta na juya wa Inna baya, ina jin ta tana jan carbi tana shessheƙa a hankali.

Wata ranar Asabar Tabita ta tare ni tun a bakin ƙofar kamfani. "Yau za su tashi. 'Yan garinsu sun yi hayar manyan motoci, suna bakin titin Challawa. In za ki gan shi, yanzu ne."

Ban shiga aiki ba. Muka tari mota, ni da hular uluna mai kala biyar a ƙarƙashin mayafi, ina rawar sanyi.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Motocin a jere, masu bodin katako da zanen zaki da dawisu a jiki, an loda musu katifu da kekuna da kwanuka da rediyoyi, mutane kuma a can sama kan kayan. Jakunkuna masu ratsin ja da shuɗi ko'ina. Yara suna kuka, masu shayi suna ta zuba wa mutane ba sa karɓar kuɗi. Na tsaya na rasa ta inda zan fara, mota ta fi goma, kowa ya rufe fuska saboda sanyi.

Sai Tabita ta kama hannuna. "Sauda, dubi waccan."

Mota ce ta can ƙarshe. Tun daga nesa ta bambanta da sauran. Wata tsohuwa a sama ta lulluɓa da shunayya mai kifaye ruwan lemo. Kusa da ita mai jego ta goya jaririnta da ja mai ganye fari. Yara uku sun cusa kai a cikin shuɗi mai taurari. Wani dattijo ya yi rawani da ruwan toka mai furanni, bai damu ba. Lefena ne gaba ɗaya, an yayyanka shi, yana kaɗawa a kan motar da za ta Damagaram. Mutanen da ke wucewa har tsayawa suke suna kallo don kyau.

Na fara duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Shu'aibu ne ya hango mu, ya diro daga sama ya taho. Ya rame, idanunsa sun faɗa, yana sanye da 'yar shara ɗaya a wannan sanyin.

"Saude. Kin zo."

"Kayana ne waɗancan," na ce. Abin da ya fito daga bakina ke nan, ku ji shirme.

"Ki yafe mini. Motar a buɗe take, hanya da nisa, ga jarirai. Na ga ba amfanin su yi ta kwana a akwati."

"Yaushe za ka dawo?"

Ya dubi hannuwansa. Rinin ya fara koɗewa. "In an buɗe hanya. In na sami takarda. In Baffa bai gaji da jira ba." Ya yi ɗan murmushi. "In ɗin da yawa, ko?"

Hawaye suka zubo mini. Direba ya fara hon.

Ya matso kaɗan ya rage murya. "Amma na ga saƙonki. Ranar da aka dawo da kayan, na zauna a kansu ina cewa tawa ta ƙare. Da na buɗe na duba, sai na ga babu koren. Na zazzage komai, babu. Sai na gane ke kika ɓoye shi. Wallahi Saude, shi ya riƙe ni a kwanakin nan. Na ce tunda ta riƙe wannan, ba ta sake ni ba."

Masu karatu, ban ɓoye komai ba. Tun ranar da aka buɗe kayan ban ƙara sa koren a ido ba. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ga yadda fuskarsa ta yi haske, fuskar da ba ta da sauran komai sai wannan. Na rufe bakina. Na gyaɗa kai.

"Kar ki ɗinka," ya ce. "Ki ajiye har in zo in ga ranar da za ki fara sa shi."

Ya juya ya kama igiya ya haye. Motar ta tashi tana tangaɗi. Na bi ta da ido har launukan suka haɗe suka zama ɗigo ɗaya wajen kwana. Tabita ta rungume ni a tsakiyar titi tana cewa, "Yi kukanki, Allah yana gani." Na yi kuwa, har wani mai kura ya tsaya yana ba ni haƙuri bai san me aka yi mini ba.

Duk hanyar komawa Na'ibawa tunani ɗaya nake. Wa ya ɗauka? Ko masu kura ne? Ko Innata ce ta yi ƙarfin hali sau ɗaya a rayuwarta ta ɓoye mini? Wannan tunanin ya ɗan sanyaya mini rai, har na ƙara sauri. Na ce in ita ce, zan sa shi a ƙasan akwatina, ko shekara goma ce in jira, ƙaryar da na yi masa da gyaɗa kai ta zama gaskiya.

Na yi sallama na shiga. Mata uku na zaune a tsakar gida suna shan hantsi, za su gidan suna a bayan layinmu. Suna ta santi.

"Kai Hajiya Indo, wannan fa? Na ga zanen a Kwari, amma ba wannan launin ba."

"Ina za ki gan shi?" in ji Gwaggo. "Daga Kwatano aka kawo mini. Duk Kano babu mai irinsa."

Tana tsaye a tsakiyarsu tana juyawa a hankali. Riga da zane da ɗankwali, sabon ɗinki, ko karin guga bai baje ba. Kore mai duhu, da 'yan tsuntsaye ruwan ƙwai masu jan baki.

Ba ta san Shu'aibu ya taɓa nuna mini shi a zaure ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma lafiya kika dawo tun da hantsi, idanu kamar garwashi? Zo ki gyara mini ɗaurin nan ta baya."

Inna tana bakin murhu. Ta ɗago, muka haɗa ido, ta girgiza mini kai a hankali, irin girgizawar da take yi mini tun ina yarinya, wadda ke nufin ki yi haƙuri, ba mu da inda za mu.

Na ce, "To Gwaggo, ina zuwa."

Na shiga ɗakin Inna, na ɗaga murfin kwallarta, na ɗauko almakashin da take yanka atamfa da shi.